Daga Shawara Zuwa Ciwon Hanta: Tarihin Binciken Cutar da Ke Ɓoye Kanta

1.0 Gabatarwa

Hanta tana da babban matsayi a bakin Bahaushe. Idan aminai biyu suka shaƙu ƙwarai akan ce sun zama hanta da jini. Idan kuwa tsoro ya kama mutum farat ɗaya, sai a ce hantarsa ta kaɗa. Amma duk da haka, da Bahaushen dauri ya zo raɗa wa ciwon da ke kama ta suna, bai waiwayi hantar ba. Abin da idonsa ya gani shi ya sa wa suna, watau shawara: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, jiki ya mutu, abinci ya fita daga rai. Yakan nemi sauƙinta da jiƙon saiwar rawaya da sassaƙe-sassaƙe, ya kuma hana majiyyaci cin maiƙo. Har ila yau akwai wani imani da ya daɗe a tsakanin jama'a, cewa shawara ba ta son allura.

Ba Bahaushe kaɗai ne ya tsaya a kan alamar ido ba. Likitocin Girka na dā, da na Larabawa, da na Turai har zuwa ƙarni na 19, duk a nan suka tsaya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun binciken da aka yi tun daga 1883 zuwa yau, wanda ya tono abin da ke bayan wannan alama. Za a fi mai da hankali a kan ciwon hanta nau'in B, domin shi ne ya fi yi wa Afirka ta Yamma ɓarna. Abin da tarihin ya nuna shi ne, sankarar hantar da ke kashe magidanci ɗan shekara arba'in, galibi tun yana goye ko yana tatata sanadinta ya shige shi, kuma ya shige shi ne ba tare da idonsa ya sake launi ba.

2.0 Shawara Alama Ce

Jajayen ƙwayoyin jinin ɗan'adam sukan yi kamar kwana 120 suna aiki, sa'an nan su tsufa su rushe. Idan sun rushe sukan bar wani launi mai ruwan ɗorawa, wanda hanta ke tacewa ta tura shi matsarmama, daga nan ya gangara hanji ya fita tare da bayan gida. Abu uku ne ke sa wannan launi ya taru a jiki har ya bayyana a ido. Na farko, ƙwayoyin jini su riƙa rushewa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, kamar yadda yakan faru ga mai amosanin jini ko mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Na biyu, hanyar matsarmama ta toshe. Na uku, hantar kanta ta kumbura ta kasa aiki.

Ke nan kalmar shawara rumfa ce wadda cututtuka da yawa suka fake a ƙarƙashinta. Da ita ake kiran zazzaɓin nan mai zuwa da annoba wanda sauro ke yaɗawa, da ita ake kiran rawayar idon jariri a makon haihuwa, da ita kuma ake kiran kumburin hanta iri-iri. Kowannensu da sanadinsa, kowanne kuma da maganinsa. Aikin da ya ci wa masu bincike fiye da shekara ɗari shi ne rarrabe waɗanda ke kama hantar kanta.

3.0 Darasin Bremen da na Yaƙin Duniya na Biyu

A shekarar 1883 agana ta ɓulla a Bremen, wani gari mai tashar jiragen ruwa a ƙasar Jamus, sai aka yi wa ma'aikatan wata masana'antar ƙera jirage lamba. A wancan zamani akan ɗebo ruwan lambar ne daga jikin mutanen da aka riga aka yi wa. Cikin ma'aikata 1,289 da aka yi wa, mutum 191 suka kamu da shawara, wasu bayan 'yan makonni, wasu har bayan wata takwas. Waɗanda aka yi musu da wani kaso dabam kuwa ba abin da ya same su. Wani likita mai suna Lürman ya bi lissafin, ya buga rahotonsa a 1885. Bai ga ƙwayar cuta ba, ba shi ma da abin da zai gan ta da shi, amma ya nuna cewa akwai shawarar da ke bin ruwan jikin wani ta shiga wani.

Ba a ba wannan darasi muhimmancin da ya kamata ba sai da aka sake ganin irinsa, wannan karo a tsakiyar yaƙi. A 1942 Amurka ta yi wa sojojinta allurar rigakafin zazzaɓin shawara, wadda aka gauraya da ruwan jinin mutane domin kada ta lalace. Sojoji kimanin 50,000 suka kwanta idanunsu sun yi ɗorawa. Wani binciken da aka buga a 1987 a kan tsofaffin sojojin ya tabbatar da cewa nau'in B ne ya kama su, kuma waɗanda ƙwayar ta shiga sun kai kimanin 330,000. Binciken ya kuma gano cewa ƙalilan ne ƙwarai daga cikinsu ƙwayar ta zauna a jikinsu; saura duk sun warke sarai. Za a dawo kan wannan batu a gaba, domin a nan ne sirrin cutar yake.

A 1947 wani likitan Ingila mai suna MacCallum ya ba da shawarar a kasa ciwon gida biyu. Wanda ke bin abinci da ruwan sha ya bayyana da wuri aka kira shi nau'in A, wanda ke bin jini ya daɗe bai bayyana ba aka kira shi nau'in B. Wanda ya tabbatar da wannan rabo a 1967 shi ne Saul Krugman, ta hanyar gwajin da ya yi a makarantar Willowbrook ta yara masu raunin ƙwaƙwalwa a New York, inda aka riƙa sa wa wasu yaran cutar da gangan. An sami ilimi daga wannan aiki, amma ya bar tabo, kuma yana cikin abubuwan da suka sa aka tsaurara ƙa'idojin gwaji a jikin ɗan'adam.

4.0 Blumberg da Tambarin Ostareliya

Mutumin da ya buɗe ƙofar ganin ƙwayar nau'in B ba nemanta ya fita yi ba. Baruch Blumberg likita ne ɗan Amurka, abin da ya dame shi kuwa shi ne dalilin da ya sa jinin al'ummomi ke bambanta, har wata cuta ta kama wasu ta bar wasu. A 1957 ya yi tafiyar tattara jini zuwa Nijeriya, inda ya ɗebi jinin jama'a iri-iri, har da Fulani makiyaya da dabbobinsu. Daga nan ya ci gaba da tara kwalaben jini daga sassan duniya.

Dabararsa mai sauƙi ce. Mutumin da aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsa kan ƙera makaman yaƙi da duk wani baƙon abu da ya shigo masa daga jinin wasu. Saboda haka idan aka haɗa jininsa da na wani mutum, za a ga ko sun kama juna. A 1963, shi da wani matashin likita mai suna Harvey Alter, suka ga jinin wani Ba'amurke mai ciwon rashin daskarewar jini ya kama wani abu a jinin wani ɗan asalin Ostareliya. Suka buga labarin a 1965, aka riƙa kiran abin tambarin Ostareliya. Da fari an zaci gado ne, har an danganta shi da sankarar jini. Sai aka ga wani majiyyaci wanda a dā ba shi da tambarin ya same shi daidai lokacin da hantarsa ta kumbura, haka kuma ya faru ga wata ma'aikaciyar ɗakin binciken. Kafin ƙarshen 1968, aikin Blumberg da na Alfred Prince a New York sun tabbatar da cewa tambarin na ciwon hanta nau'in B ne. A 1970 David Dane ya ga ƙwayar sukutum a Landan da madubin likita mai aiki da lantarki, aka gane cewa tambarin nan rigar ƙwayar ce.

Amfanin farko da aka ci shi ne gwajin jini kafin a ƙara wa majiyyaci, wanda aka soma a farkon shekarun 1970. An ba Blumberg lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka keɓe a matsayin ranar ciwon hanta ta duniya. Da ƙofa ta buɗe sai saura suka biyo baya: an ga nau'in A a 1973, Mario Rizzetto ya gano nau'in D a Italiya a 1977, an gano nau'in E a 1983, sa'an nan nau'in C a 1989. Nau'in E mai bin gurɓataccen ruwa shi ne ya yi annoba a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno a 2017, ya fi yi wa mata masu juna biyu illa.

5.0 Daga Ƙwaya Zuwa Sankara

Da gwaji ya samu, sai wani abin mamaki ya bayyana. A ƙasashen Asiya ta Gabas da Afirka kudu da Sahara aka tarar da miliyoyin mutane suna ɗauke da tambarin a jininsu, alhali suna cikin ƙoshin lafiya, ba su taɓa yin shawara ba. Waɗannan yankuna kuwa su ne aka daɗe da sanin sankarar hanta ta yi musu katutu. Tambayar da ta taso ita ce, shin akwai dangantaka tsakanin abubuwan biyu?

Wanda ya warware wannan shi ne Palmer Beasley, a tsibirin Taiwan. Daga 1975 ya gwada jinin maza ma'aikatan gwamnati 22,707, ya tarar 3,454 suna ɗauke da ƙwayar, sa'an nan ya zuba ido yana bin labarinsu. A rahoton da ya buga a 1981, mutum 41 sun mutu da sankarar hanta, kuma 40 daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ne.

Saura a san wa ƙwayar ke zama a jikinsa, kuma don me. A nan ne labarin sojojin 1942 ya sami fassara. Idan ƙwayar ta shiga baligi, jikinsa kan tashi ya yaƙe ta, kuma wannan yaƙi shi ke kumbura hanta har ido ya yi ɗorawa. Fiye da kashi 95 cikin ɗari sukan kore ta. Idan kuwa jariri ta shiga lokacin haihuwa, jikinsa bai san baƙo ba, sai ya karɓe ta kamar 'yar gida, kimanin kashi 90 cikin ɗari na irin waɗannan jarirai ta zauna musu ke nan. Yaran da ke tsakanin shekara ɗaya da biyar kuwa, kimanin ɗaya cikin uku. Shekara talatin ko arba'in tana cin hanta a ɓoye, har hantar ta taurare ko sankara ta tsiro. Watau wanda ya yi shawara a fili shi ne galibi ya tsira, wanda bai yi ba shi ne ke cikin hatsari.

A Taiwan, uwa ce kan ba ɗanta cutar wajen haihuwa. A ƙauyukan Keneba da Manduar na ƙasar Gambiya kuwa, Hilton Whittle da abokan aikinsa sun nuna a farkon shekarun 1980 cewa yawancin yara daga junansu suke ɗauka, tun suna ƙanana. Amma binciken da aka buga a 2016 a kan mutanen wannan yanki ya nuna cewa waɗanda uwayensu mata ke ɗauke da ƙwayar, su ne ciwon ya fi yi wa hantarsu lahani. Ƙarshen al'amarin kuwa an gan shi a wani rahoto na 2017 a kan masu sankarar hanta 2,566 daga ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya da Gana da Kamaru da Sudan. A wajen Masar, tsakatsakin shekarun majiyyatan 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano ciwon.

6.0 Gyaɗa da Funfuna

Ƙwayar nau'in B tana da abokiyar ɓarna, an kuma gano ta ne ta hanyar da ba a zata ba. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Da aka bincika sai aka tarar wata funfuna ce ta kama gyaɗar, tana fitar da guba wadda aka sa wa suna afalatoksin. Funfunar tana son zafi da laima, takan kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Wannan labari ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin a lokacin dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, kuma gyaɗa tana cikin cimar yau da kullum, daga ƙuli-ƙuli zuwa kunu da miya.

A 1991 masu bincike suka gano a jikin majiyyata daga ƙasar Sin da kudancin Afirka cewa gubar tana lalata wani gurbi takamaimai a cikin tsarin halittar ƙwayoyin hanta, wanda aikinsa shi ne hana sankara tsirowa. Wani bincike a kan maza 18,244 a birnin Shanghai, wanda aka buga a 1994, ya auna ƙarfin haɗuwar biyun. Guba ita kaɗai ta ninka hatsarin sankara kamar sau 3, ƙwayar B ita kaɗai kamar sau 7, amma idan suka haɗu a jiki guda sai hatsarin ya ninka kusan sau 60. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin wannan ɓangare a gona da rumbu yake. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 20 na ƙasar Gini, wanda aka buga a 2005, an koya wa manoma tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa, da shanya a kan tabarma, da zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Wannan ya rage gubar da ke jinin mutanen da fiye da rabi.

7.0 Rigakafi da Gwajin Gambiya

Tun a 1969 Blumberg da Irving Millman suka lura cewa jinin masu ɗauke da cutar cike yake da rigunan ƙwayar waɗanda ba kome a cikinsu. Idan aka tace su aka tsabtace, aka sa wa mai lafiya, jikinsa zai koyi gane rigar ba tare da ya kamu ba. A kan wannan tunani Philippe Maupas ya yi allurarsa a Faransa a 1976, ya kuma gwada ta a kan yara a yankin Niakhar na ƙasar Senegal. A Amurka an amince da allurar da Maurice Hilleman ya haɗa a 1981, sa'an nan a 1986 aka sami wadda ake sarrafawa da yis, ba ruwanta da jinin mutum. Taiwan ta soma yi wa jarirai a 1984, kuma rahoton 1997 ya nuna sankarar hanta a tsakanin yaranta masu shekara 6 zuwa 14 ta ragu da kusan rabi. Wannan ne karo na farko da aka ga allura ta hana sankara a jikin ɗan'adam.

Babban gwajin Afirka a Gambiya aka yi shi. An soma shi a 1986, da haɗin gwiwar gwamnatin ƙasar, da cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon, da majalisar binciken likitanci ta Ingila, Italiya kuma ta ba da kuɗi. Allurar tana da tsada a lokacin, ba za ta isa kowa a tashi ɗaya ba. Saboda haka aka bi ayarin masu rigakafi 17 na ƙasar ɗaya bayan ɗaya, duk bayan kamar wata uku a ƙara wa wani ayari sabuwar allurar, har aka game ƙasar a 1990. Ta haka aka sami jarirai kimanin 124,000, kusan rabi an yi musu, rabi ba a yi ba, ba tare da an hana wani haƙƙinsa da gangan ba.

Wahalar ita ce, sankarar da ake son a ga ko an hana ba za ta bayyana ba sai bayan shekara talatin zuwa arba'in. Yaya za a gane mutum bayan wannan tsawon lokaci, a ƙasar da takardar haihuwa ba ta yawaita ba? Sai aka ɗauki zanen tafin hannu da na ƙafar kowane jariri, aka kuma bambanta gurbin da ake yi musu lambar tarin fuka, domin tabon ya zama shaida. Daɗin daɗawa aka kafa rajistar masu sankara ta ƙasa baki ɗaya. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Da yaran suka kai shekara tara, an ga allurar ta hana ƙwayar zama a jiki da fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma rahoton 2014 ya nuna wannan kariya tana nan har sun zama manya. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowace ƙasa ta sa allurar cikin rigakafin yara. A Nijeriya ta soma samuwa ga jama'a a 2004.

8.0 Binciken Magani a Shekarun Baya-bayan Nan

Rigakafi ba ya amfanar wanda ƙwayar ta riga ta zauna masa. Ta fuskar magani, nau'in C ne aka fi cin nasara a kansa. Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano shi a 1989, kuma a 2020 aka ba shi lambar Nobel tare da Harvey Alter da Charles Rice. A ƙarshen 2013 aka amince da wani magani mai suna sofosbuvir, wanda idan aka haɗa shi da wani ɗan'uwansa yakan warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari a mako 12. Farashinsa na farko a Amurka dala 84,000 ne. Masar ce ta fi kowa bukatarsa, domin allurar maganin tsargiya da aka yi wa jama'arta daga shekarun 1950 zuwa 1980 da sirinjin da ba a dafa sosai ba ta yaɗa cutar ƙwarai. Gwamnatin ƙasar ta sasanta farashin ya koma kimanin dala 900, daga baya aka riƙa yin maganin a gida. Tsakanin 2018 da 2019 aka gwada mutum kusan miliyan 50, aka yi wa masu ɗauke da cutar magani kyauta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Masar ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a kan hanyar kawar da cutar.

Nau'in B ya fi taurin kai, domin yakan ajiye irinsa a can cikin ƙwayoyin hanta inda magani ba ya kaiwa. Magungunan da aka samu, kamar entecavir a 2005 da tenofovir a 2008, sukan danne shi ne su hana shi hayayyafa, su rage hatsarin taurarewar hanta da sankara, amma galibi sai an ci gaba da sha shekara da shekaru. A 2012 masu bincike a Beijing suka gano ƙofar da ƙwayar ke bi ta shiga hanta, kuma a 2020 Tarayyar Turai ta amince da wani magani na nau'in D mai toshe wannan ƙofa. A gwajin wata sabuwar allura mai suna bepirovirsen da aka buga a 2022, kimanin ɗaya cikin goma na majiyyatan sun rabu da tambarin, bai kuma dawo ba har wata shida bayan an daina yi musu.

Bincike biyu na 2016 sun fi shafar Afirka ta Yamma. Na farko a ƙasar Sin aka yi shi, a kan mata 200 masu ƙwayar da yawa a jini. Waɗanda aka ba tenofovir a watannin ƙarshe na ciki, kashi 5 cikin ɗari na jariransu aka lissafa sun kamu, waɗanda ba a ba ba kuwa kashi 18. Na biyu a Gambiya: aka bi unguwa-unguwa aka gwada mutum kusan 6,000 masu shekara 30 zuwa sama, aka sami 495 suna ɗauke da ƙwayar, amma uku ne kacal a cikinsu suka san da haka. Rashin sani ya fi dare duhu. Binciken ya kuma nuna cewa kaɗan ne daga cikinsu ke bukatar magani nan take, saura sa ido kawai suke bukata, watau gano cutar ba hukuncin mutuwa ba ne.

9.0 Kammalawa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekara. Kashi 63 cikin ɗari na sababbin kamuwa da nau'in B a yankin Afirka suke, amma kashi 18 ne kawai na jariran yankin suka sami allurar ranar haihuwa. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B.

Allurar ranar haihuwa ana so a yi ta ne cikin awa 24 na farko, kafin ƙwayar da jariri ya ɗauka daga uwa ta kafu. A nan ne binciken likita ya haɗu da al'adar Bahaushe. Ƙididdigar 2018 ta nuna kimanin kashi 16 ne cikin ɗari na haihuwar Arewa maso Yamma aka yi a asibiti. Mai jego tana ɗaki, jariri ba ya fita sai an yi suna, kuma a wannan mako ne wanzami kan zo da askarsa domin aski ko cire beli ko tsaga. Aska guda da ta taɓa jinin wani, idan ba a dafa ta ba ko ba a sake ta ba, hanya ce. Ungozoma da wanzami da limamin da ke raɗa suna, su ne suka fi kowa kusa da jariri a kwana bakwai ɗin nan, saboda haka duk wani shiri na kai allura da wuri sai ya bi ta hannunsu.

Imanin nan na cewa shawara ba ta son allura yana da ɗan kama da gaskiya a tarihi, domin ruwan lamba ne ya kawo ta Bremen, allura ce ta kwantar da sojojin 1942, ita ce kuma ta yaɗa nau'in C a Masar. Amma laifin na ƙazantar allurar ne. Tsabtatacciyar allura guda a ranar haihuwa, da uku da ke biye da ita a mako na 6 da na 10 da na 14, da gwajin jinin uwa lokacin awon ciki, da busar da gyaɗa kafin a kai ta rumbu, su ne abin da bincike na shekara ɗari da arba'in ya miƙa wa jama'a. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2016 cewa za su shawo kan ciwon hanta kafin 2030. Cikar wannan alkawari a ƙasar Hausa ta dogara ne a kan abin da aka yi wa jariri tsakanin ranar haihuwarsa da ranar sunansa.